Othniel da Kiɗan Masu Kallon Takalmi

Idan ka shiga kasuwar Jimeta ta layin masu kayan waya, ka ji murya ɗaya ta danne ta kowa, kada ka ɗauka wa'azi ake yi. Othniel ne. Rumfarsa ba ta wuce a shimfiɗa tabarma ɗaya ba, cajin waya yake yi yana kuma tura wa mutane waƙoƙi a memori, amma a saman rumfar ya sa an rubuta masa da jan fenti: KUNNEN ADAMAWA. Babu wanda ya ba shi wannan sarauta. Shi ya naɗa kansa, shi ya je ya yi wa kansa murna.

A faɗarsa, in aka buga ganga a Numan yana zaune a Jimeta, zai gaya maka ko fatar akuya ce ko ta tunkiya. Maƙwabtansa sun daɗe da daina musu da shi, domin musu a wurin Othniel abinci ne, kuma ba a taɓa ganin ya ƙoshi ba.

Mutum ɗaya ce bakinsa ya kasa ci, wato Mama Keturah, shugabar zumuntar mata a cocinsu, mahaifiyar Liyatu. Liyatu malamar firamare ce a Limawa, mai sanyin magana, kuma Othniel yana son ta kamar ransa. Ita ma tana son sa, abin da har yau ƙawayenta suke yi mata addu'a a kai. Duk lokacin da ya je gaisuwa gidansu, Mama Keturah sai ta bar shi ya gama zuba, ta dube shi daga sama har ƙasa, ta tambaye shi ko har yanzu cajin waya ake. Ta riga ta faɗa wa 'yarta cewa manyan Othniel ba za su taka mata gida da maganar aure ba sai ta ga aikin hannunsa, na bakinsa kam ta gani ya ishe ta.

Sai ga bikin yayar Liyatu ya taso, Adda Peculiar, wadda za ta auri Dubem ɗan Oga Emeka mai sayar da lasifika a kasuwar. Liyatu ta durƙusa wa mahaifiyarta, ta roƙa, ta sa goggonta ma ta roƙa, har Mama ta yarda a ba Othniel kiɗan liyafar. Amma ta ɗaura sharaɗi.

"In ya fitar da mu kunya, ya turo manyansa. In ya ba mu kunya, kada in sake ganin ƙafarsa a ƙofata."

Liyatu ta kai masa saƙon kamar yadda aka ba ta, ta ƙara da nata. Ta ce aikin ba shi da wuya: ya sa abin da kowa ya sani, amarya ta shigo da rawa, zumuntar mata su taka nasu, dangin ango su taka nasu, a ci abinci a watse. Othniel ya bugi ƙirji ya ce wannan ai ko yana barci zai yi. Da ma a ce barcin ya yi, da an zauna lafiya.

Ana saura 'yan makonni biki, wata ɗalibar jami'a daga Girei mai suna Endurance ta kawo wayarta caji. Tana zare abin kunnenta, sai wayar ta saki wata ƙara, shuuu, kamar ruwan sama a kan kwano ya haɗu da injin niƙa. Othniel ya girgiza kai cikin tausayi. Ya ce lasifikar wayarta ta fashe, ruwa ne ya shige ta, shi daga jin numfashin waya yake gane ciwonta, amma ta kwantar da hankalinta, ta zo wurin da ya dace.

Endurance ta yi dariya har ta dafa teburinsa. Ta ce wayarta lafiya lau, kiɗan ne haka.

Da wani ne, da ya ji kunya. Othniel ko ƙiftawa bai yi ba, ya ce ai ya sani, gwada ta yake yi, don yaran yanzu suna ɗaukar abin da ba su san darajarsa ba. Ta ce to tunda ya sani, mene ne sunansa? Ya ce sunayensa suna da yawa, ta fara faɗin wanda aka koya mata.

Ta ce shugez ake ce masa, wato kiɗan masu kallon takalmi. Ta nuna masa bidiyo: wasu samarin Turawa masu dogon gashi, kowa rungume da jita, kowa ya sunkuyar da kai yana kallon ƙasa, ba rawa, ba murmushi, ba wanda ya dubi ɗan kallo. Ta fara yi masa bayani cewa wasu ƙananan akwatuna ne a gabansu da suke takawa don su narkar da sautin jitar, shi ya sa idonsu yake ƙasa. Amma Othniel ya riga ya wuce wurin. Shi abin da ya gani kunya ce.

"Dubi tarbiyya," in ji shi. "Ko yaron Fulani a gaban surukinsa bai fi haka ba. Wannan kiɗan namu ne na Adamawa, hanya ya ɓata ya faɗa ƙasar Turawa."

Kafin cajinta ya cika ya kwashe duk wanda ke cikin wayarta. Kafin la'asar ya gama tsara rayuwarsa. Shi zai kawo wa Adamawa abin da ba wanda ya taɓa kawowa, a bikin Adda Peculiar zai buɗe shi, za a yi maganar bikin har Abuja, kuma Mama Keturah da kanta za ta aiko a tambaye shi wace rana manyansa suke da sarari. Abin da ya rage kawai shi ne ya fara gyara kunnuwan jama'a kaɗan-kaɗan.

Abednego mai keke napep ne ya fara faɗawa hannunsa. Ya zo a tura masa waƙoƙin da fasinja suke so, masu sa mutum ya manta da ramukan hanya. Othniel ya ce ya bar masa komai, zai ba shi abin da ko gwamna bai ji ba tukuna.

Washegari da hantsi Abednego ya dawo a ƙafa, hannunsa duk baƙin mai. Ya ce ya ɗauki mata uku zuwa Girei, yana hawa gada ya kunna, sai ya ji keken ya fara kuka daga ƙasa. Matan suka ce ya sauke su, ba za su mutu a tsakiyar Binuwai ba. Ya tura keken har wurin makanike, makanike ya kwance inji ya baje a ƙasa bai ga komai ba, ya mayar, aka tayar, shiru. Abednego ya yi godiya ya kunna kiɗa don murna, ciwon ya dawo. Yanzu haka injin yana kwance a karo na biyu.

Othniel ya tambaye shi a ina idonsa yake lokacin da yake saurare. Abednego ya ce a kan hanya mana, a ina zai kasance? Othniel ya ce to ga matsalar nan, wannan kiɗan ba a jin sa da kai a sama, sai an sunkuya an dubi takalmi.

"In dubi takalmi ina tuƙi a kan gada?"

"Shi ya sa na ce ba na kowa ba ne."

Abednego ya ce in ya sake ganin sa kusa da kekensa, zai nuna masa takalmi da kyau, a kusa da fuska.

Na biyu Hamma Najmuddeen ne, mai shagon aski a bayan layin, mutum mai haƙuri wanda bai iya cewa a'a ba. Othniel da kansa ya je ya sa masa a rediyon shago yana tsaka da yi wa wani ma'aikacin sakatariya aski. Kiɗan yana tashi, Hamma ya ce wuta ta yi ƙasa, ya kashe fanka, ya kashe firij ɗin ruwan sanyi, ya fita ya tayar da janareto. Ya dawo ya tarar da ƙarar tana nan yadda ya bar ta. Othniel ya yi masa bayani mai tsawo, ya ce sirrin a sunkuyawa yake, ya gwada ya gani. Hamma, don kada ya ɓata wa baƙo rai, ya sunkuyar da kai ya dubi silifas ɗinsa. Hannunsa kuwa bai san an canja shiri ba, ya ci gaba da aiki. Da ya ɗago, akwai titi a kan ma'aikacin nan daga goshi har ƙeya, mai faɗin yatsa biyu.

Ma'aikacin ya dubi madubi, ya ce gobe yana da taro da kwamishina. Othniel ya ba shi shawara ya shiga taron kansa a sunkuye. Dole aka yi wa mutumin ƙwal-kwabo, kuma daga ranar, Hamma Najmuddeen da bai iya cewa a'a ba ya koya.

Na uku shi ya fi muni, domin Oga Emeka ne, uban ango, mai lasifikar da za a yi biki da su. Wasu dattawan coci sun zo daga Namtari za su sayi manyan lasifika biyu, sun yaba, saura a gwada musu. Othniel yana wucewa ya ce a bar masa gwajin, yana da abin da zai fito da duk ƙarfin kaya. Ya jona wayarsa. Dattawan suka saurara cikin ladabi, suka dubi juna, babbansu ya leƙa bayan lasifikar ko zai ga inda ta yage. Suka ce za su je su yi shawara. Shawarar ba ta kai su nesa ba, shagon da ke kallon na Emeka suka shiga.

Emeka ya biyo Othniel har rumfarsa, layin gaba ɗaya ya fito kallo.

"Kai, wannan abu naka ya kashe mini kasuwa. Sun ce kayana ya fashe. Sabon kaya, ko leda ban cire ba."

"Oga, kunnen Namtari ne bai waye ba."

"Abeg, don Allah bar kunnen Namtari. Ranar bikin yarona, in na ji wannan injin niƙa, ni da kai ne."

Othniel ya ɗora hannu a ƙirji ya yi alkawari cewa ranar biki ba zai sa komai ba sai abin da ya dace. Emeka ya tafi da sanyin zuciya, bai san cewa a wurin Othniel babu abin da ya dace kamar injin niƙan ba.

Liyatu ma bai ƙyale ta ba. Ya tura mata a memori, ya yi mata lacca tun daga kasuwa har ƙofar makarantarsu. Ta karɓa ta shige. Bayan kwanaki ta zo rumfar ta ce ta saurara, ta kuma sake saurara, kuma abin mamaki ya shige ta. Ta ce yana da daɗi idan mutum yana shi kaɗai bayan an tashi daga makaranta, ga hadari ya haɗo, ga iska tana kaɗa labule. Amma ba kiɗan biki ba ne, babu inda ƙafa za ta kama. Ta roƙe shi don Allah kada ya kai shi wurin Adda Peculiar, ya tuna abin da Mama ta ce.

A cikin maganar nan duka, "yana da daɗi" kawai ya shiga kunnen Adamawa. Kafin yamma ya gaya wa layin cewa Liyatu ta ji ta yi kuka, ta ce in ba a sa a bikin yayarta ba, ba za ta ci abinci ba.

Ranar biki ta zo da irin zafin Yola da ke sa mutum ya yi wanka ya fito yana neman wani. An ɗaura aure a coci, aka wuce ɗakin taro. A ƙofa matasan coci suna shafa wa kowa na'urar bincike suna leƙa jakunkunan mata, kamar yadda aka saba tun shekarun tashin bama-bamai. Ciki ya cika: dangin amarya daga Numan, dangin ango cikin jajayen huluna, zumuntar mata cikin zanensu iri ɗaya, Mama Keturah a gaba da gwaggwaron da ya kusa taɓa fanka. Othniel yana gefe a bayan teburinsa, ya sha kwat a wannan zafin, ya goge takalminsa har yana ɗaukar ido.

Gaskiya dai a faɗe ta, da farko ya yi aiki. Ya sa na coci aka taka, ya sa na gida tsofaffi suka miƙe, ya sa na dangin ango suka cika fili. Liyatu tana raba abinci tana satar kallonsa, zuciyarta fari ƙal. Har Mama Keturah, da ta zo wucewa, ta dube shi ta ɗan gyaɗa kai.

Wannan gyaɗa kan shi ya hallaka shi. Ya ce a ransa, in ƙanzo ya sa ta gyaɗa kai, ina ga an kawo tuwon?

Mai gabatarwa ya sanar cewa amarya da ango za su shigo. Wannan shi ne lokacin da kowace amarya a Jimeta take yin wata guda tana gwaji a gaban madubi, domin da rawa ake shigowa, kuma rawar da ta yi ita za a yi ta kallo a wayoyi har ta haihu. Adda Peculiar ta tsaya a bakin ƙofa, ƙawayenta a jere a bayanta, Dubem a gefenta yana share gumi. Sai Othniel ya karɓe makirfo daga hannun mai gabatarwa.

Ya ce yau Adamawa za ta shiga tarihi. Ya ce abin da za su ji yanzu, ko a Legas sai manya. Ya ce abu ɗaya yake roƙo, kowa ya sunkuyar da kansa.

To, mutanen coci ne. In aka ce a sunkuyar da kai, abu ɗaya suka sani. Ɗakin ya yi tsit, maza suka cire huluna, Fasto ya haɗa hannuwa ya rufe ido, iyaye suka danne kawunan 'ya'yansu. Har masu rabon shinkafa suka ajiye cokula. Liyatu kaɗai ce kanta yake sama.

Othniel ya danna, ya murɗa ƙara har ƙarshe, ya sunkuya shi ma.

Abin ya faɗo wa jama'a a ka kamar an juye tifar tsakuwa a kan rufin. Wata tsohuwa daga baya ta ce amin da ƙarfi, don ta ɗauka an kai ƙarshe. Fasto ya buɗe ido ɗaya. A bakin ƙofa Adda Peculiar ta ɗaga ƙafar dama tana jiran inda za ta sauke ta, kiɗan bai ba ta wuri ba, ta sauke ta ɗaga ta hagu, nan ma babu. Ƙawayenta suka yi ta lilo a bayanta kamar masu jiran layin asibiti. Zumuntar mata, da yake ba a taɓa kada su a fili ba, suka miƙe suka gwada tafi, kowa da nata lokacin, suka koma suka zauna.

Mama Keturah ba ta motsa ba. Ta juya kai a hankali ta nemo Liyatu da ido.

Oga Emeka kuwa ya taso yana ture kujeru. Tun kafin ya iso, ƙarar ta sauya, ta koma wani gurnani mai kauri da tsuwa a samansa, fitilun amfilifaya duk suka yi ja. Ya yi ihu a rage, kayansa zai ƙone. Othniel bai ɗago ba, ya ɗaga masa hannu kawai, irin na a yi haƙuri, yanzu aka zo wurin. Liyatu ta riga Emeka isa teburin, ta fizge wayar Othniel daga jikin igiyarta. Gurnanin bai ko rage ba. Ta tsaya a gabansa da wayar a hannu tana kiran sunansa, shi kuma yana can yana kallon takalminsa, yana lilo, fuskarsa cike da ni'ima. Hayaƙi ya fara fita ta bayan amfilifaya, siriri, mai warin roba. Kowa a ɗakin ya gan shi in ban da mutum ɗaya.

Sai abin ya buga, tau.

Mutanen Jimeta ba sa tambaya in sun ji irin wannan ƙara a cikin taro. Sun yi shekarun da tambaya take kashe mutum, jikinsu bai manta ba. Kafin hayaƙin ya kai rufi, ɗakin ya zama fili. Ango ya sungumi amarya ya yi waje da ita, abin da matan Numan suka yaba masa daga baya. Kular shinkafa ta kife. Fasto ya fita ta taga da saurin da ba a san shi da shi ba. Gwaggwaron Mama Keturah ya maƙale a ƙofa, ta fita ta bar shi. Da ikon Allah ba wanda ya ji ciwo, sai wani kawun ango da ya tsallake benci ya tarar da wani bencin.

Da aka ga ba abin da ya biyo baya, sai aka fara dawowa ana leƙe ta tagogi. A ciki mutum huɗu suka rage: Oga Emeka yana dukan amfilifayarsa da jiƙaƙƙen buhu, Liyatu tsaye da waya a hannu, Kaka Zadok wanda kunnensa ya daɗe da yin ritaya yana cin shinkafarsa hankali kwance, sai Othniel. A cikin shirun nan ya ja dogon numfashi, ya fara tafi shi kaɗai, ya ɗago da idanu a lumshe, ya yi magana da muryar da ba ta buƙatar makirfo.

"Kun ji ƙarshen nan? Wannan bugun na ƙarshe shi ne wurin da na fi so. Kullum in na zo nan sai tsigar jikina ta tashi."

Ya buɗe ido. Ya ga kujeru a kife, ya ga hayaƙi, ya ga fuskoki a kowace taga. Liyatu ta ɗaga wayarsa sama yadda kowa zai gani, ba ta jone da komai.

"Tun ɗazu na cire ta, Othniel. Abin da kake ji kayan Oga ne yake ƙonewa."

Dariyar ta fara ne daga tagar da Abednego mai keke yake, ta zagaye ɗakin, irin dariyar mutanen da suka tsorata suka ga ba komai, wadda ba ta tsayawa da wuri. Othniel ya ce ai da ma kiɗan da ƙonewar kusan abu ɗaya ne, masana sun yi magana a kai. Oga Emeka ya juyo da jiƙaƙƙen buhun, sai da mutum biyu suka riƙe shi.

Zumuntar mata ne suka ceci ranar. Suka aika aka ɗauko tulunan kiɗansu da kacau-kacau daga coci, suka kafa da'ira a ƙarƙashin bishiyoyin maina da ke harabar, Adda Peculiar ta gyara kwalliyarta ta shigo da rawarta a kan ƙasa, ta yi kyau har ta fi yadda ta gwada. Mama Keturah ta karɓi gwaggwaronta ta ɗaura, ta ja waƙa. Sau ɗaya ta wuce ta gaban Othniel, kuma ta wuce shi kamar yadda ake wuce turken wuta. Liyatu ta yi rawar yayarta tana murmushi, hawaye na zuba, mutane suka ɗauka na murna ne.

Ranar Litinin da hantsi Othniel ya buɗe rumfa kamar ba abin da ya faru. Kafin azahar labarin ya gyaru a bakinsa: kiɗan ne ya fi ƙarfin lasifikar Jimeta, ko a Turai sai an yi masa na musamman, kuma mutane sun gudu ne don abin ya taɓa su. Yana cikin haka Liyatu ta iso daga makaranta, alli a gefen zanenta. Maƙwabta suka yi kamar suna aiki.

Ta ce Mama ta rantse ba zai sake taka mata ƙofa ba, goggo ma ta janye hannunta. Ta ce duk da haka ita a shirye take ta sake durƙusawa, ko za ta kai wata tana yi, domin ta san ba mugu ba ne. Amma kafin ta zubar da sauran mutuncinta, tana so ya amsa mata tambaya ɗaya. Othniel ya gyara zama ya ce ta yi goma, a kan kiɗa ba a taɓa kure shi ba.

"Waƙar nan da ka ƙone bikin Adda a kanta, mace ce take rerawa ko namiji?"

Ya yi dariya, ya buɗe baki, ya dubi masu sauraro hagu da dama. Babu wanda ya taimake shi. Dariyar ta ɗan rage.

"Wai akwai mai rerawa a ciki?"

Liyatu ta gyaɗa kai.

"Akwai. Tana can ƙasa, a hankali take magana. Sai wanda ya yi shiru yake jin ta."

Ta buɗe jakarta ta ajiye masa memorinsa a kan tebur, ta ratsa layin masu kayan waya har bakin titi, ta tare keke ta shiga, ba ta waiwayo ba.